Yadda Ake Wanke Hannun Marini Ba da Sabulu Ba

Kai sabon malamin taimakon talakawa, matso kusa. Tun da Nasara suka zo aka raba taimako zaure uku: hatsi a nawa, jarin sana'a a na Malam Attahiru, aikin lebura a na Bawa. Umarnin Bature shi ne mu haɗa kai, mun kuwa haɗa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari rumbu ba zai ragu ba, kai ma ba za ka yi gumi ba.

1. Fara da duban hannu

Kada ka biye wa dogon labari, tausayi gara ce a rumbu. Ɗauki misalin Tambari, wani marini na wajen Ƙofar Atiku. Ramin rininsa ya tsage da damina, baban rinin da ya jiƙa ya tsiyaye. Shugaban marina ya ce in wata biyu suka cika bai gyara ba, za a ba wani ramin. Kakan Tambari kuwa shi ya gina shi. Marinin ya durƙusa gabana, hannu shuɗi har gwiwa.

"Allah shi gafarta malam, ɗiya huɗu gare ni, kwana biyu ba mu aza tukunya ba."

Na ce, "Wanga hannu na mai sana'a na. Hatsi na wanda ba shi da komi na. Tahi wurin Attahiru."

2. San ranar da abokin aikinka ba ya nan

Haɗa kai na gaskiya ke nan. Attahiru yana zuwa gonarsa Talata da Laraba, don haka ni ba na tura masa mutum sai Talata. Sau uku Tambari yana gaida ƙyaure. A zuwa na huɗu ya same shi yana cin goro.

Attahiru ya ce, "Ba a ba mai yunwa jari, canye shi zai yi. Tahi wurin Bawa ka yi aiki, in ka ƙoshi ka dawo."

Ka ji hikima. Da ni ne mai rubuta karin magana, da na sa ta a farko.

3. Ba shi aiki, amma nesa da sana'arsa

Bawa mutumin kirki ne, ba ya hana kowa wahala. Ya tura Tambari wani gini a hanyar Dundaye, kwaɓar ƙasa da buga tubali. Ladan yana isa tuwo, ba ya isa gyaran rami. Ka lura da kyau: laka da ruwa, safe da yamma har mako shida, ba shuɗin da ba za su kankare ba.

4. In Bature ya zo, ku hau tabarma ɗaya

Ku zauna kafaɗa da kafaɗa kamar 'yan uwa ɗaya. Ku fito da takardun mutum guda, kowace da hatimin ɗayanku. Na Tambari muka nuna. Tafinta ya ce, "Ranka shi daɗe, dut su uku sun taɓa shi." Bature ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu, ya hau dokinsa. Bai ce a kawo Tambarin ba, mu ma ba mu tuna masa ba.

5. Nemi hujja bayan ta goge

Saura kwana huɗu wa'adi ya cika, Tambari ya koma wurin Attahiru da ɗan ƙarfinsa. Attahiru ya kama hannunsa, ya juya ciki da baya.

"Kai marini? Da wanga hannu, tas awa na liman?"

"Malam, ku kunka aike ni kwaɓar ƙasa!"

"Ni dai abin da nig gani shi nika rubutawa. Kawo shaida."

Shaidar da ake karɓa kuwa ta shugaban marina ce, shi ko ya riga ya yi wa ɗan ƙanensa alkawarin ramin. Sai wai ciwon ƙafa ya kama shugaban na kwana huɗu cif.

6. Yanzu kana iya yin alheri

Rami ya tafi. Gini ya ƙare, Bawa ya sallami leburorinsa. Tambari ya dawo zaurena, na dubi hannu ban ga alamar sana'a ba.

Na ce, "Madalla, yanzu ka cancanta." Na auna masa mudu biyu na gero, har da ɗan gyara.

Bai yi godiya ba. Ya ƙulle geron a gefen rigarsa, ya ce, "Malam, da ran da niz zo ka auna min wanga gero, da yau ni ka ba wasu sadaka."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye maka ba, ranar ko fura ban iya sha ba. Amma na ɗauki alƙalami na rubuta: an taimaka.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan, shi ya ji, shi ya gani, ba ruwana. Malamai sun ce a can gaba, gobe ƙiyama, zaure ɗaya ne, kuma ba a cewa tafi ka dawo. In an tambaye ka wa ya koya maka, kada ka kama sunana. Ka ce wurin Attahiru ka ji.