Wasiyyar da Na Yi Saboda Ƙunar Rana

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na yi wa gidanmu bankwana alhali lafiyata ƙalau. Lokacin ana tsakiyar aikin faɗaɗa Harami, ina saurayi a unguwar Tandabawi ta Makka, muna zaune gidan kawuna ni da Inna, aikina yi wa alhazai jagora.

A Mina aka aske ni ƙwal. Wani tsoho Baturke, wanda rana ta mayar da fuskarsa ja wur, ya miƙo mini laima. Na ƙi karɓa, har da cika baki wai mu baƙaƙe rana ba ta cin mu. Kwana uku ina yawo kai ba hula (don a ga jarumi).

Bayan mako guda kaina ya fara saɓa, fari-fari, ga raɗaɗi. Nan na tuna maƙwabcinmu Malam Audu, zabiya, wanda likita ya ce rana ce ta jawo masa ciwon daji a wuya, kuma bai ƙara shekara ba. Na ce shi ke nan, nawa ya zo. Maimakon asibiti, sai na shiga neman gafara.

Ranar Juma'a ana cin shinkafa bayan masallaci, na miƙe ina hawaye. "Kawu, a yafe mini, tafiya zan yi. Rediyonka ba faɗowa ya yi ba, ni na kwance shi don in ga cikinsa. Kuma a gaya wa Hajara 'yar gidan Alhaji Sani na mutu ina son ta." (Ban san tana bayan labule cikin mata ba.)

Inna ta fito, ta cire hulata, ta duba. "Ya waladi, ɗana, wannan ai ƙunar rana ce. A miƙo man zaitun." Dariya ta ɓarke a bayan labule. Kawu kuwa ko murmushi. "Tunda ba mutuwa za ka yi ba, zauna mu yi maganar rediyo."

Washegari ya kai ni asibiti. Likita ya ce Inna ta yi gaskiya, amma baƙar fata ba sulke ba ce, in riƙa rufe kai, kuma duk gyambon da ya ƙi warkewa a kawo shi da wuri.

Hajara dai yanzu matata ce, 'ya'yanmu bakwai, kuma ko atishawa na yi sai ta ce, "Yara ku matso, Babanku zai yi wasiyya." Shawarata, in ka ji kamar mutuwa ta zo, fara ganin likita kafin ka tara dangi. Shi ko ya yi dariya, mutum ɗaya ne.