Ranar da Na Saki Argon a Mairuwa

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, kawuna Alhaji ya sayo janareta da ƙwan lantarki ɗaya tak, na farko a unguwarmu. Ni kuwa sabon malamin kimiyya ne, baki ba ya rufuwa.

Da hantsi dattawa suka taru kallon ƙwan. Na miƙe na ce cikinsa akwai iska mai suna argon, wadda ko wuta ba ta cin ta. Iri uku nata ba sa lalacewa har abada, wadda ke cikin gilashin nan ma ta girmi kakannin kakanninmu. Liman ya ce, "Allahu Akbar!"

"To, mu gan ta mana," in ji Alhaji.

Na ɗauko kwalba, na ƙwanƙwasa ƙwan don in juye ta ciki. Ya tarwatse. Dattawa suka leƙa kwalbar ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi.

Na ce ta koma cikin iskar da muke shaƙa, ai dama akwai ta.

"Dama akwai ta, ka fasa mani fitila?"

Har yau in guguwa ta taso, sai an ƙwala mani kira: "Malam, kawo kwalba, ga ta nan ta dawo!"