Rasuwar Ɗan Samaru a Hannun 'Yan Majalisar Ƙofar Gida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni Harira Ibrahim ta Unguwar Kanawa nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar akwatin talabijin ɗina, wanda aka fi sani da Ɗan Samaru. Ya rasu ranar Asabar da ta gabata bayan la'asar, a kan bencin majalisar hirar maza a ƙofar gidanmu, a tsakiyar maza majiya ƙarfi waɗanda kowannensu ya ce daga baya shi bai taɓa shi ba.

Umma ta umarce ni in je in ce wa yayana Tukur "ba komai" kafin Juma'a, domin a cewarta ba a riƙe babba a zuci saboda kayan wuta. Na je har bakin ɗakinsa na dawo. Kowa ya san bakina ba ya buɗuwa a gaban mutane, shi ya sa na rubuta.

Na sayo marigayin a kasuwar Samaru lokacin da nake jami'a. Na hannu ne, ƙarami, mai doguwar ƙeya, da tabon ƙuna a gefen hagu wanda ya zo da shi daga gidan da ya baro. Ya zauna da ni a ɗakin kwanan ɗalibai, kuma da na gama karatu a kan cinyata ya dawo Kaduna, naɗe cikin zanen Umma. Idan aka kunna shi sai ya yi "ɗis", ya yi shiru kamar mai tunani, sannan hoto ya taso a hankali. Bai taɓa gaggawa ba. Bai kuma taɓa tambayata me mace take nema a tseren motoci ba, tambayar da babu namiji a gidan nan da bai yi mini ita ba.

A gabansa na koyi abin da na sani game da wasanni, kuma yawancinsa ba mai daɗi ba ne. Tare muka ga 'yan gudu da 'yan tseren keke suna kuka a kan dandamali, ana rataya musu zinare, ana buga taken ƙasarsu. Bayan shekaru sai a buɗe tsohon jininsu a ɗakin gwaji a tarar da ƙwayoyin ƙara kuzari. Daga nan sai uzuri. Wannan ya ce nama ya ci, wancan ya ce maganin mura ne, wani ya ce likitansa ne ya ba shi bai duba ba. Da ƙyar ake samun wanda zai ce ni na sha, kuma na san abin da na sha. Wanda ya zo na huɗu da guminsa na halak kuwa, sai a aika masa da lambarsa bayan ƙafafunsa sun mutu, ba taro, ba take, ba kowa. Duk lokacin da irin wannan labari ya zo, marigayin yakan yi wani ɗan "zzz" a cikinsa. Ni dai tsaki na ɗauke shi.

Ranar Lahadi kuwa tamu ce. Jajayen fitilu su kunnu, su mutu, motoci su zabura, ɗakina ya cika da "wiiiyam, wiiiyam" har Umma ta leƙo ta ce in rage kukan sauron nan. Ba na yaudarar kaina game da wannan wasa. Na ga an umarci direban da ke gaba ya kauce wa abokin aikinsa don shi ne ɗan lelen masu mota. Na ga yaran da uba ya saya wa kujera suna zagaya fili kamar masu koyon tuƙi, alhali gwanaye na zaune a gida. Na ga alƙalai sun hukunta wani yau, gobe wani ya yi irin laifin sun kau da kai. Amma akwai abu ɗaya da ya riƙe ni. Wani lokaci direba zai shiga kwana da gudun da ya wuce kima, ya daki bango, motar ta watse, sai a ji muryarsa a rediyo yana haki yana ce wa makanikansa, "Laifina ne, ku yi haƙuri." Duniya na saurare, ba wanda ya tilasta shi. Saboda wannan kalma nake kallo.

Marigayin bai yi jinya ba. Lafiyarsa ƙalau ranar Asabar da Yaya Tukur ya tsaya a ƙofata ya ce, "Ke Harira, ara mana ɗan akwatin nan, wasanmu ne yau." Wasansu, wai. Ƙungiyar ƙwallon da ba ta san akwai wani gari Kaduna ba, amma kullum sai ka ji "mun ci", "mun sayi ɗan wasa", "an zalunce mu". Yaya yana da sabuwar talabijin ta bango a cikin kwali, tana jiran ranar aurensa, amma ita ba ta shan iskar waje. A gidanmu ƙanwa ba ta hana yayanta aro. Na naɗe waya, na haɗa masa da sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta, na ce a hankali don Allah kada a raba su. Ban sani ba ko ya ji.

Sauran na gani da idona ta tagar ɗakina. Babu wuta, sai aka tayar da ƙaramin janareton majalisa, aka jona marigayin, aka jona fanka, aka jona cajin wayoyin kowa. Hoto ya dushe. Sai Datti, abokin Yaya, wanda ya taɓa sa ƙwan fitila a masallaci tun daga nan ake kiransa Injiniya, ya ce, "Wannan sitabilaizar ce ke shanye wutar, ku cire ta." Aka cire. Sannan ya durƙusa ya murɗa ƙusar janareto don ya ƙara masa ƙarfi, Yaya Tukur na riƙe masa da sukundireba.

Gaskiya marigayin bai taɓa kyau irin na wannan lokaci ba. Ciyawar fili ta yi kore shar, rigunan 'yan wasa suka ɗau ido, muryarsa ta kai har shagon mai shayi. Majalisa ta ɗau tafi. Na ji Yaya yana cewa, "Kai Injiniya, ka mayar da tsoho yaro!" Ni kuwa gabana ya faɗi, domin na sha ganin tsohon ɗan gudu da ya tashi rana ɗaya yana wuce samari, na kuma san yadda labarin ke ƙarewa. Na sa mayafi. Na tsaya a zaure ina tsara yadda zan yi wa maza magana. Ina nan tsaye na ji "fau", sai wani siririn "tsiii", sai ƙauri. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Na yi jinkiri, kuma wannan laifin nawa ne.

Da aka tambayi shaidu, Datti ya ce dama tsoho ne, kwanansa ne ya ƙare. Yaya Tukur ya ce man janareton ne aka gauraya. Wani ya ce shi ya ga walƙiya, a ranar da ko gajimare babu. Wani ya ce shi fitsari ya zagaya. Mai gyara na Hayin Banki ya buɗe bayansa, ya shinshina, ya mayar ya rufe, ya ce Allah ya ba ni haƙuri.

Marigayin ya bar rimot ɗaya da aka ɗaure da roba, wanda har yanzu nake samun kaina ina dannawa. Ya bar dikoda, marainiya, da fitilarta ke kiftawa ba ta san abin da ya faru ba. Ya bar sitabilaiza, wadda aka raba shi da ita da ƙarfi, lafiyarta ƙalau, ba ta da wanda za ta kare. Ya bar murabba'in wuri mai tsabta a kan teburina. Ya kuma bar ni, ana saura tsere ɗaya a gama gasar bana, direbobi biyu kunnen doki.

Iyalan mamacin ba sa neman diyya, ba sa neman sabon akwati, kuma kada wanda ya taɓa kwalin ango. Masu zuwa su ce "ai abin duniya ne" su ajiye wa kansu, na sani. Masu cewa yanzu sai in huta da kallon arna suna ƙona mai, su ma na ji, Allah ya saka.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Ba za a yi masa salla ba, tun da akwati ne. Na san ba a jinkirta binne gawa a wurinmu, amma wannan za a jinkirta. Jiya da sassafe na mayar da shi kan bencin da ya rasu a kai, daidai wurin zaman Datti, na zura sarƙar keke ta mariƙin akwatin na kulle da kwaɗo a ƙafar bencin. Makullin na wuyana. Umma ta gani, ta koma ciki. Na lura tun jiya 'yan majalisa a kan bulo suke zama.

Za a yi zaman makoki ranar Lahadi da rana, lokacin tseren ƙarshe. Zan fito in zauna a kan bencin nan kusa da shi, wurin da ban taɓa zama ba tun da aka haife ni, in kalli tseren a wayata da murya a sama. Masu ƙwallo su nemi wani layi.

Za a ɗauki gawa zuwa wurin 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa na Hayin Banki a duk ranar da mutum ɗaya ya tsaya a gaban majalisa ya ce, "Ni na murɗa," na biyu kuma ya ce, "Ni na riƙe masa." Su biyun ne za su ɗauke shi, a ƙafa. A ranar Yaya Tukur zai ji "ba komai" daga bakina, da zuciya ɗaya, ba kuma sai an aiko ni ba. Kafin nan, marigayin yana nan yana kallonku.

Sanarwa daga Harira Ibrahim, a madadin rimot da dikoda.