Giya Ta Ɗaya Har Gida

Kawuna Alhaji Sale ya sayi sabuwar a-kori-kura, aka gargaɗe shi kada a wahalar da injin sai ya saki jiki. Ni ya damƙa wa makulli, domin ni ne mai digiri. Bayan dogon nazari, na yanke hukunci cewa giya ta ɗaya ce mafi tausayi, ban kuwa canja ta ba tun daga Dawanau har ƙauyenmu. Injin yana kururuwa, na ɗauka lafiya ce.

Ina tsayawa, Inna Delu, matar Kawu, ta fito da ƙwaryar dawa. "Malam, nawa kake niƙa mudu?"

An yi asarar rabin tankin mai, Kawu ya karɓe makullinsa. Har yau in na wuce, dawa ake miƙo mini.