Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Baba Tsallake

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haushi ya kusa rinjaya, Baba Tsallake mai kwafar faifai, na shagon da ke tsakanin mai faci da mai buga takardu, yana sanar da 'yan'uwa, abokan ciniki da maƙiya rasuwar kwamfutarsa, wadda duk layin ya sani da suna Gwaggo. Ta ce ga garinku nan da tsakar rana, cikinta a buɗe, a hannun mijin babbar 'yarsa, wanda ake ce wa Injiniya ba don ya taɓa ƙera ko cokali ba.

Mai wannan sanarwa bai taɓa zama a aji ba, kuma har yau bai ga abin da aka ci a can aka hana shi ba. Shi ne mutumin da babbar mota ta kife da shi, ya fito yana kakkaɓe hula. Gobara ta cinye rumfarsa ta farko, ba ta taɓa masa gashin baki ba. Likitoci sun sallame shi ya je ya ƙarasa a gida, ya isa gidan ya ci abinci ya nemi ƙari. Don haka in ya ce abu yana da ƙarko, ba ji ya yi a bakin wani ba. Gwaggo irinsa ce. Ruwa ya taɓa shiga shagon ya kai mata iya wuya, aka shanya ta a rana kamar tabarma, ta tashi. Wutar lantarki ta taɓa zuwa da haukarta, ta ƙone firjin mai shayi da askar mai aski, Gwaggo ta yi tari ɗaya ta ci gaba da aikinta.

Marigayiya tana da baki biyu, na sama yana karanta faifai, na ƙasa yana rubuta sabo, kuma ba ta taɓa amfani da ko ɗaya wajen gulma ba. Da safe takan gaishe da maigidanta da "tiit", sannan ta yi gyaran murya, "gurrr, gurrr", kamar dattijuwar da ake tasa daga barci. In bakin sama ya ƙi buɗewa, mari ɗaya ne a kumatunta na hagu, ba na dama ba, sai ka ji "ƙyas", ta miƙo harshe cikin ladabi. Masu gaggawa sun ce tana da nawa. Ƙarya ce, natsuwa ce. Kafin ta gama faifai ɗaya, mai faifan ya zauna a benci, ya sha ruwa, ya ji labarin babbar motar nan tun daga fashewar taya har zuwa kakkaɓe hula. Ba wanda ya taɓa fita daga shagon bai ƙaru ba.

Natsuwar tana da asali. A cikin kowace kwamfuta akwai wata 'yar manhaja da masu sana'ar ke kira direba, ita ce ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da babban faifan ajiya da bakunan faifai. Marigayi mai gyara, wanda ya haɗa Gwaggo tun farko, ya duba igiyar nan mai faɗi da ke cikinta ya ga ta tsufa, sai ya saita direbar a kan tafiyar sannu. Ya ja kunnen Baba Tsallake cewa kada a bar kowa ya taɓa wurin, ya kuma ba shi wani faifai ya ce na ceto ne, ko da wata rana ta rikice. Baba Tsallake ya riƙe wasiyyar, kuma bai taɓa bari faifan ya yi nisa da shi ba.

A nan ya kamata jama'a su san wata magana ta cikin gida. Babbar 'yar Baba Tsallake ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun da ta koyi ɗaura wa mutane abin awo a hannu ba ta sake ganin mai lafiya ba. Ta daɗe tana cewa gwiwoyinsa sun gaji, duniya ta koma waya, ba mai sayen faifai sai tsofaffin da ke zuwa hira. Har ta gyara masa ɗaki a bayan gidanta, da kujera mai laushi da taga mai kallon katanga, wai ya huta. Irin hutun da ake yi wa tsohuwar taya. Da ta matsa, suka yi alkawari a gaban shaidu: muddin Gwaggo tana numfashi, shago na nan; ranar da aka binne ta, zai miƙa makulli. Ya yarda yana dariya, don a lissafinsa Gwaggo ce za ta yi zaman makokin su duka.

Ciwon ajali ya shigo da takalmi mai ƙyalli. Injiniya ya biyo ta shagon wai gaisuwa, ya tarar Gwaggo tana aikin faifan wani mai sayar da tayoyi, bidiyon bikinsa ne, kwafi ɗaya tak a duniya. Ya tsaya yana kallon agogonsa yana tsaki a hankali, irin tsakin da suruki ke yi yana zaton ba a ji. Ya ce ai abin kunya ne, a ofishinsu irin wannan aikin kafin ka ɗaga kofi ya ƙare, matsalar direba ce kawai, an ɗaure ta a kan tafiyar sannu, shi kuma yana da sabuwa a aljihu. Baba Tsallake ya gaya masa wasiyyar mai gyara. Injiniya ya yi murmushin masu takarda.

"Baba, minti biyu ne. In ta lalace, a wuyana."

Baba Tsallake ya leƙa wurin mai shayi. Wannan leƙawa ita ce kawai, kuma ba laifi ba ne dattijo ya sha shayi. Da ya dawo, an cire tsohuwar direba an ɗora sabuwa, an kashe Gwaggo an sake kunna ta. Ta ce "tiit" kamar kullum. Ta fara gyaran murya, sai ta tsaya a tsakiya. Fuskarta ta yi shuɗi, wasu rubuce-rubuce suka cika ta, ta mutu, ta farfaɗo, ta sake yin shuɗi. Sabuwar direbar ba ta san hanyar zuwa faifan ajiya ba, Gwaggo tana neman cikinta ta rasa. Baba Tsallake ya ba ta marinta na hagu. A karo na farko ba ta amsa ba.

Zufa ta keto wa Injiniya har ta jiƙa masa wuyan da ya ce a ɗora laifin a kai. Ya tambaya ko akwai faifan ceto. Baba Tsallake ya ɗaga shi daga kan kofin shayinsa, inda yake aikin murfi tun zamanin mai gyara, in ban da safiya da yake zama madubin gyaran gashin baki. Injiniya ya juya shi a haske, ya buɗe baki, wai duk ya karce, wai tururi ya cinye shi. Ji wani zance. Faifan da aka ce zai ceci kwamfuta sukutum, shi ne zai kasa jure kofin shayi? Aka sa shi a bakin ƙasa, Gwaggo ta tauna, "shiii, shiii", ta tofo shi.

Daga nan sai aikin tiyata. Injiniya ya kwance mata ciki, ya zare igiyar mai faɗi, ya hura mata iska kamar mai fifita wuta, ya mayar da ita a karkace har ya lanƙwasa haƙoran da take shiga. Da aka kunna, fuskar ma ba ta kawo ba. Daga can ciki aka ji "ƙyat, ƙyat, ƙyat", sannan wani ɗan wari kamar na roba. Waɗannan su ne kalmominta na ƙarshe. Baba Tsallake ba ya zargin kowa da cewa turo Injiniya aka yi. Yana dai lura cewa matar Injiniya ta iso shagon kafin gawar ta huce, da jaka a buɗe tana jiran makulli.

Ta rasu ta bar allon kallo mai ƙaton ƙeya, wanda yanzu ba ya nuna komai sai fuskar mai kallonsa. Ta bar madannai da wasu haruffa suka goge, abin da bai taɓa damun maigidanta ba, da lasifika biyu, ɗaya kurma ce tun ambaliya. Ta bar tarin faifan da ba a rubuta ba, marayu, da bencin da ya saba da mazaunan manya. Ta kuma bar Baba Tsallake, wanda ya saba a tafi a bar shi.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa an ɗan samu jinkiri. Faifan bikin mai tayoyi yana nan a bakin sama, kuma bakin ya rufe da shi. Injiniya ya ce akwai wata 'yar huda da ake zura allura a ciki ya buɗe. An gode masa, an kuma roƙe shi ya ajiye hannuwansa a aljihu, ya yi wa mai rai abin da ya yi, ba zai tsokani gawa ba. Babbar 'ya ta ce a yi wa Allah a bar wasa, alkawari alkawari ne. Mahaifinta ya amsa mata a gaban shaidun nan dai:

"Uwata, cewa na yi ranar da aka binne ta. Kin taɓa ganin an binne mutum da amanar wani a bakinsa?"

Za a binne marigayiya a bayan shago da zarar mai tayoyi ya zo ya karɓi kayansa da hannunsa. An ce ya yi tafiya mai nisa, kuma Baba Tsallake, da yake ba mai son takura wa mutane ba ne, bai aika masa ba. Kafin nan gawa tana kan teburinta, an lulluɓe ta da tawul mai tsabta. Ana karɓar gaisuwa a shago kullum, daga lokacin buɗewa zuwa lokacin rufewa. Akwai benci, akwai labarin babbar mota ga wanda bai ji ba da wanda ya ji. Injiniya zai iya zuwa, amma daga bakin ƙofa. Makulli yana aljihun mai makoki.