Liƙi a Goshin Ammu Dikran

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na yi guɗa a unguwar Ruwais ta Jidda ba. Na sha wuya iri-iri a garin nan. An taɓa kama ni da matacciyar iƙama, wato takardar izinin zama, an taɓa watso min kaya waje a unguwar Mahjar, na binne miji na koma bakin tanda. Duk ba su hana ni barci ba. Wannan kuwa har yau idan na tuna sai na ja mayafi na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

A unguwar Hindawiyya aka haife ni. Ban yi makaranta ba, girki na iya. Shi ya haɗa ni da wasu yara masu yin fim. Ba irin masu manyan motocin nan ba. Waɗannan ba su da ko sisi. Yau wannan ya ara wa wancan kyamara, gobe wancan ya riƙe wa wannan fitila a kyauta. Ni nake dafa musu shinkafa da masa. Khala suke ce min, wato inna da Larabci, kuma suna ci kamar an sako su daga kurkuku.

A cikinsu akwai Talin. A Jidda aka haife ta kamar ni, amma asalinsu Armeniyawa ne (ban taɓa jin sunan ba sai a bakinta, na ɗauka wata unguwa ce a Sham). Fim take yi a kan mutanensu: yarensu, abincinsu, da ƙauyen kakanninta da babu shi yanzu. Fim ɗin ya tsaya a rabi. Kakarta tana Beirut, ta tsufa tukuf, kuma ita kaɗai ta rage mai jin yaren ƙauyen. Talin tana so ta je ta ɗauke ta a kyamara kafin ta mutu. Kuɗin tafiya babu.

Sai abokanta suka haɗa mata taro. Wata mai zane ta ba da falon gidansu a Ruwais, wani ya kawo kujeru, ni na ce abinci a kaina. Aka gayyaci Armeniyawan garin, da wani attajiri a cikinsu wanda kowa ya sa wa ido.

"Khala, yau ko mutane su taimaka, ko fim ya mutu," in ji Talin da safe.

Na ce, "Za su bayar. Kawo albasa."

Bayan la'asar aka fara. Ina kicin, ina jiyo jawabi da Turanci da yarensu. Ko da ina falon ba abin da zan tsinta. Da na gama jera masa a faranti na fito, sai na tarar wani dattijo a zaune a gaba. Ammu Dikran suke ce masa, wato Baffa Dikran, tsohon maƙerin zinariya ne, mai sanƙo fes. Yana busa wata sarewa ta katako, kumatunsa sun kumbura kamar na mai algaita. Busar kuwa ta yi daɗi. Har cikin ƙashina na ji ta.

Na duba jama'a. Kowa ya sunkuyar da kai. Attajirin ya dafe goshi yana kallon takalminsa. Babu wanda ya motsa, babu wanda ya taɓa aljihu.

Ni na san wannan sunkuyon. Na gan shi a bikin suna, na gan shi a wajen gudummawar aure. Idan an zo wajen bayarwa, sai kowa ya ga ƙasa ta yi masa kyau. Raina ya ɓaci. Ga tsoho yana neman fasa huhu, ga yarinya tana jiran taimako, su kuma sun cika ciki da shayina sun yi shiru. A wajenmu idan makaɗi yana wasa, dole wata ta fara tashi ta yi liƙi, ta manna masa kuɗi a goshi, sannan kunya ta taso da sauran. Na ce a raina, mutanen nan mai buɗe musu hanya suka rasa.

Na ajiye faranti. Na kwance bakin mayafi na zaro riyal ɗin da na tanada na tasi. Na kama hanci na rangaɗa guɗa.

Ban yi ƙarama ba. Irin wadda ake ji daga wannan layi zuwa wancan na yi. Wata tsohuwa ta zabura har kofinta ya kife. Na ɗauka farin ciki ne. Na taka zuwa gaba ina ɗan karkaɗa kafaɗa (e, har da rawa, tunda na ce zan faɗi gaskiya), na manna wa Ammu Dikran kuɗin a goshi.

Ya faɗo.

Abin da ban lissafa ba shi ne, liƙi da gumi yake kamawa. Makaɗanmu a rana suke wasa, goshi sharkaf. Wannan falo kuwa na'urar sanyi ta busar da kowa, sanƙon tsohon ya bushe kamar faranti. Na ɗauka na sake mannawa. Ya sake zamewa, ya sauka a cinyarsa. Mai hankali da a nan ta tsaya. Ni kuwa ba a san ni da barin aiki a rabi ba. Na lashi babban yatsana, na shafa wa takardar, na danna masa da ƙarfi har kansa ya yi baya.

Ya kama. Ya rufe masa ido ɗaya. Bawan Allah bai daina busa ba.

Na juyo wajen jama'a ina tafa hannu. "Yalla, ku taso mana. Ni mai tuya na fara, ku masu zinariya fa?"

A nan na ga fuskokinsu sosai. Duk hawaye ne. Maza da mata. A bangon da ke bayan tsohon, wanda ban kula da shi ba, an haska wani tsohon hoto: mata da yara a jere cikin hamada, ba takalmi.

Usman, wani ɗan Hausawan Sudan mai ɗaukar musu sauti, ya matso kusa da kunnena.

"Khala, makoki ne."

"Na wa?"

"Na kakanninsu. Waɗanda aka kora suka mutu a hanya. Busar kuka ce, ya Khala. Halas, ki zo mu tafi."

Ni da uwata ta rene ni da labarin 'yan uwanta da aka binne a rairayi tsakanin Chadi da Sudan a hanyar hajji. Ni ce na yi wa irin wannan mutuwa guɗa, har da kafaɗa.

Ban san yadda na koma kicin ba. Na kama tukunyar da na riga na wanke na ci gaba da dirza. Ta ƙofa na hango attajirin ya miƙe, matarsa na gaba tana magana da zafi, suka fice. Na ce shi ke nan, na kashe fim, tsohuwar Beirut za ta tafi da yarenta kabari saboda yawuna.

Busa ta ƙare. Sai na ji muryar Ammu Dikran da Larabci: "Ina matar nan?"

Usman ya jawo ni kamar akuya. Tsohon ya ɓamɓare kuɗin daga goshinsa, ya duba gaba da baya.

"Ya bintii, 'yata, tun ina saurayi nake busa wannan a wajen mutuwa. Ba wanda ya taɓa biya na. Kuma ba wanda ya taɓa tofa min yawu."

Wani ya yi ƙoƙarin danne dariya ya kasa. Tsohon ya ɗauko hularsa ya jefa kuɗin a ciki, ya miƙa wa Talin. Usman ya zuba abin da ke aljihunsa. Mai zanen ta ce a sayar da zanenta biyu da ke bango. Wani mai kyamara ya ce ya fasa gyaran motarsa, ya ba da kuɗin. Tsofaffin ma suka buɗe jaka. Abin bai kai yadda aka so ba. Mutum biyar aka shirya za su tafi, na mutum biyu aka samu.

Da aka watse na tare Talin. "Na kore miki mai kuɗi."

"Khala, wannan mutumin duk taro yana zuwa. Ya yi kuka, ya ci abinci, ya tafi." Ko gaskiya ta faɗa, ko don ta sanyaya min rai ne, ban sani ba. Na dai san kwana biyu ba ta iya kallona ba tare da ta toshe baki ba.

Ita da Usman suka tafi Beirut. Sun samu tsohuwar da ranta, ta yi magana har ta gaji, kuma ba ta kai ƙarshen shekarar ba. Da aka gama fim ɗin aka zaunar da ni na kalla. Daga farko har ƙarshe kuka ne, sai wuri ɗaya: tsohuwar ta tuntsire da dariya, ba haƙori ko ɗaya, har tana tari tana dukan cinya.

Na ce, "Me aka gaya mata a nan?"

Usman ya kalli silin. Talin ta ce, "Labarinki."

Yanzu idan na shiga taro na ji busa, ido nake fara dubawa kafin aljihu. Kuma ko bikin 'yata ne, idan kuɗi ya faɗo daga goshi sau ɗaya, na bar shi a ƙasa.