Ranar Da Na Gaishe Da Aljanin Ruwan Japan

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na kunyata kaina a gaban manyan baƙi a unguwar Bagdadiyya da ke Jidda ba, kuma duk a kan wani aljanin ruwa da ko Hausa ba ya ji.

Ni ɗan masunta ne daga bakin kogin Kwara, can wajen Yawuri. Umra ta kawo ni Jidda, na ce bari in ɗan tsaya in nema. Shekara tara ke nan ina “ɗan tsayawa”. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, in na fita ba dawowa, shi ya sa ko rasuwar Babana a waya na ji ta. Ammu Usman, wani dattijo haifaffen Jidda da kakanninsa suka zo aikin hajji a ƙafa, shi ya sama mini aikin raba shayi a wani zauren nuna zane-zane da yake kula da shi.

Wata rana aka kawo zane-zane daga Japan, duk na halittun ruwa. Akwai kifi mai fuskar mace, akwai wani mai baki irin na tsuntsu. Amma wanda ya tsaya mini a rai suna ce masa kappa: kore ne, ɗan ƙarami, da ƙoƙon kunkuru a baya da wani ɗan kwano cike da ruwa a tsakar ka. Dattijuwar da ta kawo su tana jin Larabci. Ta ce mana yana jan yara cikin kogi, amma yana da ladabi. In ka rusuna masa, dole ya rama, ruwan kansa ya zube, ƙarfinsa ya ƙare.

Ni ba aljanin nake kallo ba, bayansa nake kallo. Gaɓa ce mai ciyawa, da kwale-kwale ɗaure a jikin turke, sak inda Babana yake gyaran koma. Kakata ma da 'yan ruwa take tsorata mu in mun daɗe a wanka. (Bahar Maliya tana nan kusa, na sani. Amma ruwan da ba ka iya ɗiba ka sha, ai ba naka ba ne.)

Ranar buɗewa, Ammu Usman ya maƙala mini ƙaramin makirufo a wuyan riga don gwajin lasifikar babban zaure. Na ce “wahid, itnen”, ya ce, “Halas, shi ke nan. Yalla, maza kai shayi ciki.” Shi ya manta bai cire ba, ni ma na manta.

Na shiga ɗakin ciki da tire. Ba kowa, baƙi duk suna babban zaure suna jiran jawabi. Na tsaya gaban kappa, ban san abin da ya hau kaina ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa, ina wuni? Ya ruwa, ya kifi?” Na tambaye shi ko kogi ya kawo bana. Na ce in ruwansu yana haɗuwa da namu, ya leƙa ya gano mini ko Inna har yanzu tana wanki a kan dutsen nan. Daga nan na ɗauko waƙar da Babana yake yi in yana tuƙi, da muryata irin ta kwaɗo, har da shessheƙa. Da na gama, na rusuna masa sosai, in ga ko zai rama. (Bai rama ba.) Tiren ne ya rusuna, kofi goma sha biyu suka tarwatse a ƙasa.

Sai na ji dariya ta bango. Ammu Usman ya faɗo da gudu, yana haki: “Ya waladi, kowa yana jin ka! Kullu shai, komai da komai!” Abin da ya fi ciwo, wani direba ɗan Nijar da ya rako maigidansa ya tsaya yana fassara musu, jimla bayan jimla, har waƙar bai bari ba.

Na fito ina tsiyayar shayi, ina fata ƙasa ta tsage. Ga tsoron a kore ni, ga tsoron wani ya tambayi takarduna. Dattijuwar nan ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta matso ta ce, “Ya sunan kogin naku?” Na faɗa mata. Ta maimaita sau biyu, duk ba daidai ba. Ta ce nata kogin an yi masa madatsa, ƙauyensu yana ƙarƙashin ruwa. Ba a kore ni ba, amma har yau a unguwarmu ta Bani Malik ana ce mini Sarkin Ruwa.

Washegari na kira Inna na ba ta labari. Ta yi dariya har da tari, ta ce, “Ɗan nan, ga uwarka da rai, ka je kana aiken aljani?” Ta taka har bakin gaɓa, ta miƙa wayar wai in ji ruwa. Ba abin da na ji sai iska da kukan akuyar wani. Na ce mata na ji sarai.

Tun daga ranar, in kewa ta taso mini, Inna nake kira. In kuwa har ya zama dole in yi hira da zane, sai na fara shafa wuyan rigata.